Farin Sure a Bakin Tur'a

A gidanmu aikin sure yana da tsari, kuma ni ce mai riƙe da tsarin. Sure shi ne abin da wasu Hausawa ke kira yakuwa, maƙwabtanmu Larabawa kuma su ce karkade. Iri biyu muke shukawa. Ja muna zuba shi a gefen hawasha, wato gonarmu ta ban-ruwa, mu kai soɓonsa, wato zoɓo, kasuwar Sinnar. Fari kuwa ba ya fita daga gida. Kunya huɗu ce a bayan ɗakin mahaifiyata, ba a ƙarawa, ba a ragewa. Karansa kore ne, ganyensa ya fi na ja laushi, tsaminsa ba ya kashe haƙori, miyarsa kuma ba ta yin duhu.

Kakar mahaifiyata ce ta zo da irinsa daga ƙasar Sakkwato, a ƙulle a bakin zane, a tafiyar Makka da ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya a nan bakin kogi, ta yi aure, ta shuka. Daga hannunta ya koma hannun 'yarta, daga nan ya zo hannun Inna, mahaifiyata, da idanun Inna suka yi rauni ya zo nawa. Da can gidaje da yawa suna da shi a ƙauyenmu. Da ja ya yi kasuwa sai aka yi ta barin fari, har ya zamana daga nan zuwa Rusairis ban san wani gida mai shi ba sai namu.

Ga yadda aikin yake idan kaka ta yi. Na farko, a yanke. Na biyu, a ɓare soɓo a shanya. Na uku, a busar da kwanso a sussuke, gurguzu ya fito, wato 'ya'yan. Na huɗu, a ware gurguzun fari, a cuɗe shi da toka, a zuba a gora, a toshe bakin da tsumma, a rataye a ɗakin Inna. Na biyar, sai bayan an gama wannan, a ɗebi gurguzun ja a yi daddawa. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa tsallake ɗaya ba. Wanda bai sani ba ya kamata ya sani cewa gurguzun fari da na ja ba su da bambanci a ido. Idan suka haɗu, sun haɗu ke nan.

A shekarar da yaƙi ya iso yankin Jazira, ƙanena ya zo mana daga wajen Hasahisa da iyalinsa da iyalin maƙwabcinsa, daidai lokacin da na gama sussuka. Gida ya cika. Aka kafa musu rumfa a bayan ɗakin Inna, a kan kunyoyin nan huɗu da na riga na share, aka girka murhu a wurin. Cikin hayaniyar shigar da kaya aka buge gorar iri ta faɗo ta tsage. Na bar gurguzun fari a cikin wata ƙaramar tasa a kan katangar madafa, na ce gobe zan nemi sabuwar gora. Goben ta zo da nata aikin. Bakuna sun yi yawa, nama babu, kuma miya ba ta yiwuwa ba daddawa. Sai na tsallake na huɗu na tafi na biyar.

Ina da wata babbar ƙwarya mai ɗinki a wuya. Idan gurguzu ya kai ɗinkin, tukunya ɗaya ce cif. Ran nan da safe na auna, na cika, na miƙa wa matar ɗana ta wanke. Ita yarinyar a birnin Sinnar ta tashi, Larabci ya fi mata sauƙi a baki, kuma shekararta ɗaya ke nan a gidanmu. Mijinta yana can yana aiki a Rusairis, hanya ta tsare shi. Na ce mata ta wanke a tsakar gida da bokiti biyu, ta zuba ruwan a gindin lemo. Na shiga wajen baƙi. Da na fito ta gama. Muka dafa da ruwan toka tun daga hantsi har la'asar, muka rufe kwana uku, muka daka, muka sake rufewa, muka dunƙula muka shanya. Daddawa ta yi kyau ƙwarai.

Sai a rana ta shida na sami gora. Na tankaɗe toka, na je katangar madafa, na tarar da tasar a kife, a wanke tas.

Na kira matar ɗana a gaban kowa. Na ce, "Ke, ina abin da ke cikin tasar nan?"

Ta ce, "Ya Yumma, wallahi wayam na same ta. Ƙura ce a ciki na wanke." Yumma take kirana, wato uwa da Larabci.

Na ce, "Wayam? Ƙafa gurguzu ya yi ya tafi? Ku 'yan birni duk abin da kuka gani a buɗe sai ku juye!"

Ta sunkuyar da kai ta koma kan kaskon kisira, wainar dawa mai faɗi da ake toyawa a nan. Na faɗi maganganu da yawa a ranar, kuma matar ƙanena da sauran baƙi duk sun ji.

Ina zaune a kan tabarma bayan sallar la'asar abin ya dawo mini, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina kallon wata. Ranar awo gurguzun ja bai kai ɗinkin ƙwarya ba, ya rage kamar yatsa biyu. Ana kirana daga cikin ɗaki. Na miƙa hannu kan katanga, na ɗauko tasa, na cike, na mayar da ita. Ni ce. Da hannuna na zuba irin kakanninmu a cikin abin dafawa.

Zan faɗi wannan yadda yake: ban ba yarinyar haƙuri a ranar ba. Washegari ma ban ba ta ba. Na dai daina maganar, na bar ta da laifin a idon mutane.

Na yi ƙoƙarin da zan iya. Na share ƙasan katanga da hannu, na tsinci ƙwaya bakwai, na shuka su a fasasshiyar tukunya ina ba su ruwa. Biyar suka fito, duka da jan kara. Na duba inda kunyoyin suke ko wani kwanso ya fashe a ƙasa, amma wurin ya zama daɓe, ga murhu ga kaji. Ban da haka ma, ni ce mai alfahari cewa ba na barin kwanso ko ɗaya ya fashe a gona. Na aika tambaya ƙauyuka biyu na kusa. Kowa ya ce a da suna da shi.

Na ɓoye wa Inna har ƙarshen bazara. Ranar da iska ta fara kawo ƙanshin ruwa daga kudu, ta kira ni. Tana zaune a bakin gado, tana laluben igiyar da ake rataye gora.

Ta ce, "Ɗiyata, hadari ya taso. Sauko da gora mu jiƙa iri."

Na durƙusa na ce, "Inna, babu iri."

"Ɓera?"

"A'a."

"To mi kinka yi da shi?"

Na ce, "Na dafa shi, Inna. Ya shiga daddawa. Ni na zuba, ba kowa ba."

Ta saki igiyar. Sannan ta ce, "Daddawar nan da munka sha duk rani?"

Na ce ita.

Ta ce, "Ashe kakata munka cinye a miya. To, ta yi daɗi kam."

Ta kwanta ta juya fuskarta ga bango. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ba ta sake ambaton sure ba. A da ko da yaushe damina ta faɗi takan sa a kai ta bayan ɗaki ta shafa tsiron da hannu. A wannan shekara ko ƙofar ba ta tambaya ba.

Damina ta sauka, hanyoyi a rufe. Kasuwa ba ta ci, abin da ke rumbu kuma ana aunawa da hankali. Muka koma daji, kamar yadda iyayenmu suka yi a shekarun wuya. Ganyen daji shi ma da tsarinsa yake zuwa. Rijila, mai ƙananan ganye masu kauri, ita ce ke fara fitowa a wuri mai danshi, sai zaƙi-banza a tsohon makwancin shanu, sai tafasa ta rufe bakin hanya, lalo kuma ya biyo baya a gefen tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Yaɗiya kuwa tana nan a kan ƙaya ko da yaushe, sai dai ɗacinta na son tafasawa biyu.

Dole na koya wa matar ɗana, domin ita a ɗaure cikin dami ta san ganye. Na ba ta dokoki uku. Kada ta tsinka a gefen gonar da aka taɓa yi wa feshi. Kada ta tumɓuke, ta tsinke kai kawai don ya sake tohowa. Kada ta sa a kwando abin da ba ta nuna mini ba. Ranar farko ta dawo da kwando cike da rai-ɗore a zaton tafasa ce. Na murza mata ganye ɗaya a hanci, ta kawar da kai. Na nuna mata: na tafasa bakinsa a zagaye yake, na rai-ɗore da tsini, ga wari. Ba ta sake kuskure ba. Kafin mako biyu ta fi 'ya'yan ƙanena saurin hannu. Kwaɗon tafasa da miyar lalo su suka riƙe gidan nan a watannin, kuma rabin abin da muka ci ita ta tsinko.

Sai kuma ta canza. Takan fita da sassafe ta kai har hantsi ya ɗaga, ta dawo da rabin kwando, hannuwanta duk karcen ƙaya. Na tambaye ta, ta ce ganye ya yi nisa. Ni kuwa na san tafasa tana nan a bakin ƙofa. Na ƙyale ta kwana uku. A na huɗu, ranar Alhamis ce, na bar ta ta yi gaba, na yafa mayafi na bi ta.

Ba ta nufi daji ba. Ta bi gefen ƙaramar tur'a, ta wuce inda ake ɗibar ruwa, ta sauka bayan wata bagaruwa. A can na tarar da shinge na ƙaya, kewayayye, bai fi faɗin tabarma biyu ba, an yi shi yadda wanda bai taɓa yin shinge ba zai yi. Tana ciki a durƙushe tana cire ciyawa da yatsu.

Na ce, "Ke! Wannan fa?"

Ta zabura har ƙaya ta kama mata gyale. Ta ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya Yumma. Zan faɗa miki, amma kada ki yi faɗa sai na gama."

Na ce ina ji.

Ta ce ranar da na ba ta gurguzu, ruwan randa ya kusa ƙarewa, ga baƙi ba su yi alwala ba. Sai ta ɗauki ƙwaryar ta zo tur'a ta wanke a nan, ba a gida ba kamar yadda na ce. Da za ta hau gaɓa santsi ya kwashe ta, ƙwarya ta karkace, gurguzu ya zube. Ta tsince abin da ta iya, saura ya shige cikin tsagar ƙasa, irin tsagar nan ta baƙar laka da hannu ke shiga har gwiwa. Ta ji tsoro ta yi shiru. Da ta ji abin da na gaya wa Inna, cewa farin yana cikin ƙwaryar, sai ta riƙa zuwa tana dubawa. Bayan ruwa na biyu suka tsiro.

Na ce, "To me ya hana ki faɗa tun tuni?"

Ta ce, "Idan na faɗa, na tona kaina. Idan kuma duka ja ne, na tona kaina a banza, na kuma sa Habboba ta sa rai." Haka take kiran Inna. Ta ƙara da cewa, "Ni ban san fari da ja ba, Yumma. A idona duk ganye ne. Shi ya sa na kewaye su gaba ɗaya."

Na janye ƙaya na shiga. Tsiron ya kai tsawon kamu ɗaya, a cunkushe. Na durƙusa na fara daga gabas, ina buɗa su ɗaya ɗaya ina duba kara. Ja. Ja. Ja. Na wuce ashirin duka ja, har na fara shirya abin da zan ce mata don kada ta ji kunya. A can gefe, kusa da saiwar bagaruwa, na ga kara kore. Na goge ido na sake dubawa, domin rama ma tana fitowa da koren kara. Na tsinki rabin ganye na tauna. Tsami mai laushi, wanda ba ya kashe haƙori. Na ci gaba da dubawa. Na sami na biyu. Na sami na uku. Daga nan babu.

Na zauna daɓas a cikin laka, ni da ba na zama a ƙasa ba tabarma. Na ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba. Wani nauyi da nake ɗauke da shi tun rani ya sauka, har na ji yunwa a karo na farko cikin watanni.

Yarinyar ta ce, "Akwai?"

Na ce, "Uku."

Ta ce, "Uku kawai?"

Na ce, "Da ɗaya ma aka samu ya isa, in Allah ya raya shi."

A nan cikin shingen na ba ta haƙurin da na riƙe mata tun kaka. Na ce na zarge ta a gaban mutane a kan abin da ni na yi, kuma a gaban mutanen zan warware. Ta ce, "Halas, ya Yumma, ya wuce." Na ce bai wuce ba sai na faɗa. Da muka koma gida na tara matar ƙanena da sauran, na faɗa.

Amma kafin nan sai da muka yi aiki. Da farko muka tumɓuke jajayen duka, don kada su shaƙe fararen, muka zuba su a kwando, suka zama miyar ranar. Sannan muka sake shingen da ƙayar bagaruwa mai kauri. Sannan na tsinki ganye ɗaya, ɗaya tak, na ƙulle a bakin mayafi.

Inna tana kwance. Na ce ta buɗe baki. Ta ce, "Magani ne? Ban so." Na ce ta dai buɗe. Na sa mata ganyen. Ta mamula shi da dasashi, a hankali. Sai ta tashi zaune ba wanda ya taimake ta.

Ta ce, "Ina kinka samo?"

Na gaya mata duka, daga ƙwarya har santsi.

Ta ce, "Kira min 'yar birnin nan." Da yarinyar ta shigo ta durƙusa, Inna ta laluba ta kama kunnenta ta ja kaɗan. "Ke, ashe faɗuwarki ta fi tsarin uwar mijinki amfani. Gobe ma in an aike ki, ki faɗi."

Yarinyar ta ce, "Habboba, gwiwata har yanzu ciwo take."

Inna ta ce, "Ta yi ta yi. Mun gode mata."

Ranar ce na fara jin dariyar Inna tun bazara.

Saura kuma tsaro, domin tsiro uku ba iri ba ne sai ya yi kwanso. Na yanke shawarar kada a bar su wuri ɗaya. Na haƙo ɗaya da ƙasarsa na dasa a gindin lemo a gida, inda idona zai riƙa kai. Shi ne ya mutu, cikin kwana biyar. Ban sake taɓa sauran ba. Muka raba zuwa: ita da safe, ni da la'asar. Wata maƙwabciya mai awaki takan gan ni zaune gindin bagaruwa ta ce, "Hajiya, gadin ciyawa aka koma? Ko aljanun tur'a ne suka ɗauke ki aiki?" Nakan ce ta ja awakinta dai. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta cusa kai cikin shingen ta cinye kan tsiro guda. Na yi kwana biyu ba na iya cin abinci sosai. Sai ya fito da rassa huɗu a inda aka cinye, ya ma fi ɗan'uwansa cika.

Da ruwa ya ɗauke su biyun suka yi fure, fari mai ɗan rawaya, ba jan ido a tsakiya. Nan na tabbata sarai. Muka ɗora Inna a kan jaki, ni a gefe ɗaya yarinyar a gefe ɗaya, muka kai ta ta shafa su. Ba mu tsinki ganye ko ɗaya don miya ba a shekarar. Da kwanso ya bushe na yanke da almakashi, na sussuke a cikin tire a kan cinyata, a ɗaki, ƙofa a rufe saboda kaji. Gurguzun ya cika tafin hannu ɗaya da ɗan ƙari.

A ranar, kafin na sha ruwa, na yi na huɗu. Sai dai na canza shi. Na kasa irin uku. Kashi ɗaya ya shiga gora da toka, aka rataye a ɗakin Inna. Kashi ɗaya na ba matar ƙanena, ta tafi da shi lokacin da hanya ta buɗe suka koma. Na ukun na ƙulle a tsumma na sa a hannun matar ɗana, na ce ta ajiye inda ta ga dama, kada ma ta gaya mini.

Da damina ta zagayo an riga an rushe rumfar baƙi. Na kafce wurin, na fitar da tokar murhu, na ja kunya huɗu. Ita ta yi ramuka, ni na zuba. Bayan kwana arba'in muka yi miyar farin sure da tuwon dawa, da daddawar ja. Inna ta ci, ta side hannu, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta miƙo kwano a ƙara mata.